Jaka Ɗaya Zuwa Maroko

Yau Talata ban leƙa ofis ba, domin gobe da asuba zan bar Bauchi in kama hanyar Abuja ta Jos, daga can kuma jirgi ya ɗauke ni zuwa Kazablanka. Hutu ne da na daɗe ina yi wa tanadi, kuma niyyata ita ce in zaga Tanja da Fas da Marrakesh da jakar goyo guda ɗaya, wadda zan shiga jirgi da ita a hannu.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a falo, na baje duk abin da zuciyata ta raya mini cewa zan buƙata, sannan na fara ragewa. Babbar rigata ta shadda ce ta fara komawa cikin durowa, duk da cewa na so in yi sallar Juma'a da ita a Fas, saboda ita da 'yar ciki da wandonta sun cinye rabin jakar, ga shi kuma ba ta sanyuwa sai an yi mata guga. Na tsaya a kan kaftani uku na yadi marar nauyi, irin wanda za a wanke da dare ya bushe kafin gari ya waye, da rigar sanyi ɗaya, da silifas na alwala. Hular zanna ba ta jure matsi, don haka a kaina za ta yi tafiyar. Turare da man shafawa kuwa na juye su a ƙananan kwalabe, tunda ba a barin kwalbar da ta wuce mililita 100 ta shiga jirgi a jakar hannu. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin kayan da na cire ba buƙata ce ta sa na ɗauko su ba, fargabar "ko da wani abu zai taso" ce, alhali can ma akwai kasuwa da kantin magani.

Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya, ta ce, "Malam, wanda zai je Alkaleri ya kwana ma ya fi ka kaya." Na bayyana mata cewa yanayin tafiyar ne ya tilasta haka. Daga Kazablanka zuwa Tanja jirgin ƙasa mai gudu zan hau, wato Al Boraq da aka buɗe a 2018, wanda ke cin tafiyar cikin awa biyu da 'yan mintoci, daga Fas zuwa Marrakesh kuma akwai zaman jirgi na sama da awa shida. Sai dai Fas ce babban dalili. Mota ba ta shiga tsohon birnin, lungunansa matsattsu ne masu hawa da gangara, jakuna da amalanke ne ke dakon kaya a cikinsu, kuma a nan ne masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta gina a 859 yake, da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a 1815. Wanda ya je wurin da akwatuna biyu zai ɓata safiyarsa yana ciniki da 'yan dako maimakon ziyarar da ta kai shi.

Bayan la'asar Goggo ta iso da ƙullin kilishi da takardar sautu. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "Kai ɗan nan, a ina za ka zuba tsarabar mutane?" A takardar akwai jallabiya ta Baffa, da tasbaha daga Fas, da man argan na 'yan mata, da takalmin fata mai tsinin baki. A nan ne na ga iyakar wannan ra'ayi na taƙaita kaya, domin mutum yana da ikon rage rigunansa yadda ya ga dama, amma tsaraba haƙƙin zumunci ce, kuma wanda ya dawo daga Fas hannu rabbana a garin nan, inda muridai suka yi yawa, zai daɗe yana ba da haƙuri.

Mun rabu a kan cewa tasbaha kaɗai zan saya a Fas, tunda aljihu ma ya ishe ta. Sauran sautun zai jira ranar ƙarshe a Kazablanka, inda zan shiga kasuwar unguwar Habus in sayi komai tare da jakar da zan zuba shi, in miƙa ta cikin manyan kaya a jirgin dawowa. Goggo ba ta gamsu sosai ba, amma ta sa albarka.

Kilishin ba zai ƙetare Abuja ba, domin ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo musu da nama, saboda haka ni da abokan zama a mota za mu gama da shi a hanya. Da magariba na kai jakar shagon maƙwabcinmu mai sayar da hatsi ya ɗora ta a sikeli, ta tsaya ƙasa da kilo bakwai. Direba ya kira ya ce in kasance a tasha da zarar an idar da sallar asuba.