Ingilishin da cinikin kayan babur ya koya mini a Garwa

A Garwa mutum zai iya tsufa bai taɓa neman Ingilishi ba. Fulatanci ke tafiyar da kasuwa, Hausa muke yi a gida da tsakaninmu 'yan tireda, Faransanci kuma na ofis ne da takarda. Tun haɗewar ɓangaren Faransanci da na Ingilishi a 1961 Kamaru ke da harsunan hukuma biyu, amma a nan Arewa Ingilishin a allon makaranta yake kwana. Na yi shi a aji, na ci jarrabawa, na fito ban iya tambayar kuɗin ruwan sha da shi ba.

Sana'a ce ta tilasta ni. Kayan gyaran babur nake sayarwa, masu sauƙin kuɗi kuwa daga Nnewi suke zuwa, can jihar Anambra. A Yola da Mubi Hausa ta ishe ka, sai dai dillali ke cinye ribar. Ranar da ka ce za ka yi magana kai tsaye da mai kaya ta WhatsApp, daga Hausar har Faransancin babu mai fitar da kai.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Bamenda, malamar makaranta, ita ta ɗora ni a hanya. Na kai mata littafin da na cika da kalmomi, sunayen dabbobi da launuka da gaɓoɓin jiki, ta duba ta ce, "Alhaji, raƙumin dawa za ka sayar?" Ta sa na faɗa mata da Faransanci abin da nake faɗa wa dillali kullum, ta mayar mini da su Ingilishi, jimla jimla. Nawa ne kuɗinsa na ƙarshe, turo mini hoto, na tura kuɗin, yaushe kayan za su iso Yola, wannan ba irin wanda na ce ba ne. Su na haddace ɗungurungum, ban damu da nahawunsu ba. Daga baya sai na riƙa cire sunan kaya ɗaya ina sa wani, jimlar na nan yadda take.

Sunayen kayan ma ashe rabi suna bakina. Makanikan Garwa da Faransanci suke kiran su, amma Hausar da muke ji wajen 'yan uwanmu na Najeriya cike take da Ingilishi: birki, taya, fulogi, giya, kuloci, salansa, kafireto. Rubutunsu kawai na koya. Faransanci shi ma ya taimaka wajen karatu, don Ingilishi ya ari kalmomi da yawa daga gare shi tun bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066. Amma taimakon a ido ne kawai. In ka furta su yadda Bafaranshe ke yi, mutumin Nnewi zai yi ta cewa ka maimaita.

Inda na fi daɗewa shi ne lambobi, kuma a ganina duk ɗan kasuwa nan ya kamata ya fara. Sha uku da talatin, sha biyar da hamsin, da Ingilishi a waya kusan sauti ɗaya suke, bambancin a wutsiyar kalma yake. Ga kuma kai ya saba da lissafin sefa, inda jaka take dubu, sai a dawo da kai naira. Madam, wato malamar nan, ta yi ta karanto mini farashi ina rubutawa har kunnena ya buɗe. Duk da haka, ko yau ba na rufe ciniki sai an rubuto mini adadin da lamba.

Gaisuwa kam ba ta ba ni wuya ba, gajeruwa ce ƙwarai. Har yanzu ina jin nauyin shiga maganar kuɗi ban tambayi iyali da gajiya ba.

Da dare ina kallon labaran CRTV, gidan talabijin na gwamnatin Kamaru, in ji batu da Faransanci, in bi shi da Ingilishi. Abin da masu kayana ke yi kuma sau da yawa buroka ne, wanda Madam ta ce a Bamenda ma shi ne na kasuwa, ta ce in fahimce shi amma kada in rubuta shi a takardar banki. Kiran waya ne ya rage mini, don suna da sauri. Saboda haka na roƙe su mu riƙa yin saƙon murya, in saurara sau biyu kafin in ba da amsa.