Abin da aiki da yara kurame yake koya wa malami

Babbar asarar yaro kurma ba ta rashin ji ba ce, ta rashin harshe ce. A ƙauyukan Zamfara da Kebbi sau da yawa sai yaro ya kai shekara bakwai ko takwas kafin a kai shi wurin da zai ga cikakkiyar maganar hannu. Kafin nan an sha rubutu, an ɗiga mai a kunne, ana ta jiran ranar da bakinsa zai buɗe. Alhali shekaru uku zuwa biyar na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa take kama harshe cikin sauƙi, na baki ne ko na hannu. Wanda ya wuce su babu ko ɗaya yakan daɗe yana fama da karatu da lissafi, har a ce ba shi da kai. Kansa lafiya lau, hanya ce aka makara ba a buɗe masa ba.

A yankinmu kurunta ta fi zuwa ta hanyar cuta: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai mai tsanani, kunne mai zubar da mugunya da aka bari, da allurai irin su jentamaisin idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Annobar sanƙarau ta 2017 daga Zamfara ta faro. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa a asibiti, ko da gida suna ganin ya warware.

Dole malami ya gane tun farko cewa maganar hannu ba guda ɗaya ba ce. Akwai wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada a tsakaninsu, a kasuwa da majalisa, wadda ake kira maganar bebaye. Akwai ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne: Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka kuma kurma, shi ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960 ya yaɗa ta. Sannan kowane gida yana da 'yan alamunsa da uwa da ɗa suka ƙirƙira. Nan ake samun ruɗani. A ta makaranta, buɗe tafi a ɗora babban yatsa a haɓa yana nufin uwa, a goshi kuma uba. Mu kuwa da shafa gemu muka saba nuna namiji. Kuskure ne malami ya hana yaro alamun gidansu. A karɓe su, a ɗora na makaranta a kai, domin da na gida zai koma ya yi magana da mahaifiyarsa.

Kowace alama tana da sassa biyar: siffar hannu, wurin da aka yi ta a jiki, motsinta, inda tafi ya fuskanta, da yanayin fuska. Sauya ɗaya, ma'ana ta sauya. Sababbin masu koyo sukan ƙware a hannu su bar fuska a daskare, alhali nahawu a fuska yake. A ta makaranta ɗaga gira ke nuna tambayar e ko a'a, haɗe gira kuma tambayar me, wa, ina. Saboda haka malama mai dogon hijabi sai ta fito da hannuwanta zuwa gwiwar hannu, mai niƙabi kuma ta ɗage shi a aji. Ba don komai ba, rabin zancen a rufe yake.

Kada a dogara da karatun leɓe. "Baba" da "mama" kamarsu ɗaya a leɓe. "Kasa", "ƙasa" da "gasa" duk a can cikin baki ake bambanta su, ido ba ya kaiwa. Hawa da saukar murya, wanda shi ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ba ya ganuwa sam. Ɗaga murya kuma lalata siffar baki kawai yake yi.

Sai zama da haske. Mai magana ya fuskanci haske, kada ya ba wa ƙofa ko taga baya, in ba haka ba inuwa kawai yaro zai gani. Tazarar mita ɗaya zuwa biyu ta isa. A aji a jera kujeru kamar kofaton doki, kowa na ganin hannun kowa. Kada a yi bayani ana rubutu a allo: a rubuta, a juyo, sannan a yi. Da dare a tsakar gida a haska tocila a kan mai magana, ba a idon yaro ba. Wajen kira a taɓa kafaɗa ko a kaɗa hannu inda zai gani. Jifa da tsakuwa, wanda ya zama ruwan dare, wulaƙanci ne, kuma manyan kurame suna faɗar haka.

Iyaye ba sa buƙatar alama ɗari a rana ɗaya. Biyar a mako ya wadatar, a fara da ruwa, abinci, ciwo, bayan gida, ƙari, bari. A yi alamar a lokacin da abin yake faruwa, ruwan na cikin kofi, yaro na kallo. A sa yayye da ƙanne a ciki, sun fi manya saurin kamawa. Abin da ya fi komai amfani shi ne a haɗa yaro da babban kurma mai sana'a, tela ko kafinta, ya ga harshen a hannun masu shi.

Yaran da ke ji amma magana ta yi musu nauyi, kamar masu shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa ko waɗanda gubar dalma ta 2010 ta taɓa a Anka da Bukkuyum, hanyarsu daban ce. Ana magana da baki, ana yin alamar muhimmiyar kalma kaɗai. Idan yatsu ba sa lanƙwasuwa, a karɓi abin da ya yi kusa, muddin kullum haka yake yin sa. Kada a damƙe hannunsa a murɗa. Malami ya sa nasa a ƙarƙashi, yaro ya bi motsin. Wanda hannu ya gagara gaba ɗaya, a yi masa allon hotuna shida zuwa takwas ya riƙa nunawa da ido ko yatsa.

A asibiti an fi yin ɓarna. Likita ya kalli mara lafiya, ba tafinta ba. Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce, sau da yawa kunya ce ko gajiya, don haka a sa shi ya maimaita bayanin da hannunsa. Lokutan shan magani a ɗaure su da salla, asuba, azahar, isha'i, a jera ƙwayoyin a gabansa ya ƙirga. Tafinta ɗaya kuma bayan minti 20 zuwa 30 kurakuransa kan yawaita, shi ya sa a dogon taro ake ɗaukar biyu suna karɓeɓeniya.