Kan sarkin zamanin Turawa: abin da muke dubawa kafin mu yi ciniki

Bahaushe ya kira shi kan sarki ne saboda kan da ya gani a jiki, amma na farkon da aka buga wa ƙasar Arewa kan sarauniya ne. A 1900, shekarar da Lugga ya karɓi mulki daga hannun kamfanin Royal Niger, aka fitar da jeri mai ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya da rubutun "NORTHERN NIGERIA", guda tara: ɗari (rabin kobo), kobo, kobo biyu, kobo biyu da ɗari, kobo biyar, sisi, sule, sule biyu da sisi, da sule goma. A 1902 aka sauya zuwa kan Sarki Edward na Bakwai, a 1912 kuma Sarki George na Biyar. Da aka haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu 1914 sai sunan ya koma "NIGERIA" kawai. Ke nan duk abin da aka buga da sunan Arewa bai kai na shekara goma sha huɗu ba, kuma a wannan ɗan tsakani ne mafi yawan aikin shagonmu yake.

Masu kawo mana kaya, yawanci daga tsohuwar adakar kaka ko fayil ɗin wani tsohon ma'aikacin En'e, sukan zo da zaton cewa tsufa shi ne kuɗi. Ba haka abin yake ba. Kan sarkin kobo ɗaya na zamanin George na Biyar ya haura shekara ɗari, amma an buga shi da yawan gaske, har yanzu ana sayar da shi a tsibi. Kuɗin yana cikin abubuwan da ido ba ya kamawa daga nesa: tambarin da ke ɓoye a cikin takarda, irin takardar kanta, yawan haƙoran gefe, farantin da aka yi bugun da shi, da hatimin gidan waya da ya hau kai. Kan sarki biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya ya sayi shayi da burodi, ɗayan ya biya kuɗin haya.

Kayan aikin ba su da yawa. Matsefata mai faɗin baki marar kaifi, domin yatsa na barin maiƙo da gumi, bayan shekaru wurin ya yi ja. Gilashin dubawa mai ƙara girma sau goma. Ma'aunin haƙora. Ɗan baƙin faranti da ruwan duba tambari. Fitila mai hasken da ake duba jabun kuɗi da shi. Sai littafin farashi: na Stanley Gibbons na Landan don ƙasashen da Ingila ta mulka, na Yvert et Tellier don ɓangaren Faransa.

Kullum da baya muke farawa, ba da fuska ba. Kamfanin De La Rue da ya buga waɗannan kan sarki ya yi amfani da takarda mai tambarin kambi da haruffan CA, wato hukumar da ke yi wa ƙasashen mallaka sayayya a Landan. Tambarin iri uku ne a wannan zamani. Na farko kambi ɗaya da CA ɗaya a tsakiyar kowane kan sarki; shi ke jikin na Biktoriya na 1900 da na Edward na 1902. Na biyu, daga 1904, kambin da haruffan sun ƙanƙance, an watsa su ko'ina, sai ka ga guntu-guntu da yawa a kan sarki guda. Na uku, daga 1921, watsattse ne shi ma, amma haruffan sun koma rubutun hannu mai lanƙwasa. Wannan na ukun ba zai taɓa fitowa a jikin mai sunan Arewa ba, tunda an daina buga sunan shekaru kafin a ƙirƙiro takardar. Ana kifa kan sarkin a baƙin faranti, a ɗiga ruwan dubawa digo biyu ko uku, tambarin ya fito na ɗan lokaci kafin ruwan ya bushe. Kada a yi da fetur na gidan mai, yana barin tabon da ba ya fita. Yayin da yake jiƙe ne kuma ake ganin abin da aka ɓoye: wurin da takarda ta sirance ya yi duhu, tsohuwar karya ta fito kamar layi, facin da aka liƙa ya nuna gefensa. In tambarin ya fito a kife, kambi na kallon ƙasa, a ware shi gefe. Mai bugu ne ya sa takardar a juye, kuma irin wannan yakan fi na daidai daraja.

Bayan tambari sai takarda. Jerin Edward na 1905 zuwa 1907 an buga wasunsa a takarda ta gama-gari, wasu kuma a takarda mai shafen alli. Mai alli ta fi santsi da sheƙi, zanen kanta ya fi fitowa tsaf; ta gama-gari kuwa in ka sa gilashi za ka ga zaren takardar da ɗan yaɗuwar tawada. Akwai tsohuwar dabara ta goga azurfa a gefe, in ta bar layi kamar na fensir to mai alli ce. Gaskiya ne tana aiki, amma tana ɓata kaya, don haka mu ba ma yin ta. A karkata kan sarkin a gaban fitila ya isa.

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan aka fi yin asara. De La Rue da gangan suka yi amfani da tawada mai gudu, musamman kore da shunayya, don kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da kan sarkin. To duba launukan jerin Arewa: ƙananan kuɗi na Biktoriya da na Edward na farko duk kansu shunayya ne, na sule zuwa sama kuma kore. Ma'ana kusan dukkansu ruwa maƙiyinsu ne. Mutum ya ga kan sarki manne da guntun ambulan, ya jefa shi a kofin ruwan ɗumi don ya ɓamɓare, kafin minti biyar koren ya koma wani shuɗi-shuɗi mai kodewa, shunayyar ta malala ta rina farin gefe. Mai shafen alli kuma allin ne ke saki, zanen ya tafi tare da shi. Babu gyara bayan haka. Irin waɗannan ko dai a bar su a kan guntun takardarsu, ko a sa su a rufaffen akwati tare da jiƙaƙƙen soso ba tare da sun taɓa shi ba, danshi ya sassauta ƙaron a hankali, a riƙa leƙawa. Waɗanda suke jure wanka su ne masu zanen sassaƙa na baya, kamar jerin hotuna na 1936 da na 1953: ruwan sanyi, kamar minti goma sha biyar, su rabu da takarda da kansu, a shanya su a kife a kan takarda mai shan ruwa, sannan a danne da littafi mai nauyi su kwana.

Amma kafin a yi maganar ɓamɓarewa ma, in ambulan ɗin cikakke ne, a bar shi yadda yake. Ambulan mai adireshi da hatimin Zungeru ko Lokoja, da na tashoshin da wasiƙar ta ratsa a bayansa, sau da yawa ya ninka kan sarkin da ke jikinsa daraja. Almakashi ya cinye dukiyar magada fiye da gara.

Hatimi shi ne shaidar da ta fi wuyar karantawa. A farkon zamani, kafin hatiman ƙarfe su iso, ma'aikacin gidan waya a wurare kamar Jebba da Lokoja da alƙalami yake soke kan sarki, ya rubuta sunan ofis da kwanan wata. Wannan sokewar hannu ta gaskiya abin nema ce. Sai dai kan sarkin yana ɗauke da rubutun "POSTAGE & REVENUE", wato yana aikin wasiƙa kuma yana aikin haraji, don haka ana liƙa shi a rasit da takardun kotu, a sa hannu a kai. Wanda aka soke a kan rasit darajarsa kaɗan ce, musamman manyan kuɗi irin sule goma da fam ɗaya. Masu ha'inci sukan wanke tawadar alƙalamin, sannan ko su shafa sabon ƙaro su ce bai taɓa aiki ba, ko su buga masa hatimin ƙarya. A ƙarƙashin fitilar duba jabu, sawun tsohon rubutun yakan fito. Sabon ƙaro kuma ana gane shi a bakin haƙora: na asali an shafa ƙaro ne kafin a huda, don haka haƙoran suna da taushi da ɗan gashin takarda, na shafe-daga-baya kuwa sun yi tauri suna ƙyalli. Tarihi ma yana kama ɓarawo. Turawa ba su ci Kano ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a Maris na shekarar. Duk hatimin Kano mai kwanan 1901 ko 1902 jabu ne, ba sai an ɗauko gilashi ba. A ɗaya ɓangaren, ganin hatimin Legas a kan mai sunan Arewa bayan 1914 ba laifi ba ne, domin an ci gaba da amfani da ragowar a faɗin ƙasa.

Kowa a wannan sana'a ya san labarin na fam ashirin da biyar na 1904, kore da ja, wanda ba wasiƙa aka yi shi dominta ba, sai biyan kuɗin lasisi. Kaɗan ne suka rage a duniya. Bugun waɗannan kan sarki kashi biyu ne, faranti ɗaya na buga kan da zanen kewaye, wani na buga sunan ƙasa da adadin kuɗi, shi ya sa launi biyu. Wannan ne ya ba mai ha'inci ƙofa: ya ɗauki ƙaramin kuɗi mai koren kai, ya kankare gurbin adadi, ya sake bugawa. Duk wanda aka kawo masa irinsa ba tare da takardar shaidar ƙwararru ba, kamar ta Royal Philatelic Society ta Landan, to ya riƙe kuɗinsa.

Na George na Biyar mai rubutun "NIGERIA" yana da faranti iri biyu, kuma da gilashi ake raba su. A na farko, layi mai kauri da ke ƙarƙashin sunan ƙasa an yanke shi a karkace inda ya haɗu da kambi, kuma a adon kusurwoyin ƙasa akwai ɗan tsiro kamar toho. A na biyu yankan a miƙe yake, tohon kuma babu. In aka haɗa wannan da tambari iri biyu da sauyin launi, kobo ɗaya tak yana iya cika layi guda a kundi.

Haƙora ana ƙirga su ne a tsawon santimita biyu. Duk jerin Arewa 14 ne, saboda haka a can ma'aunin don kama wanda aka sake wa haƙora ne kawai. Inda yake kawo kuɗi shi ne jerin hotuna. A na 1936, mai hasumiyar da aka rubuta wa "Habe Minaret" a sisi da shanun Fulani a sule, taro (kobo uku) na yau da kullum 11½ da 13 ne, amma akwai mai 12½ da 13½ wanda ya fi wuyar samu nesa ba kusa ba. A na George na Shida, sule biyar mai hoton kogin Kwara a Jebba ya fito da ma'auni daban-daban daga 1938, kobo huɗu kuma ya fara da ruwan lemo kafin a mayar da shi shuɗi a 1944, kuma mai ruwan lemon da bai yi aiki ba shi ake nema.

Kayan da ke zuwa daga Damagaram da Maraɗi dokarsu daban. Faransa ba ta sa hoton sarki a jikin na Nijar ba. A 1921 ta ɗauki mai hoton mahayin raƙumi na yankin mulkinta mai suna Haut-Sénégal-Niger ta buga masa "TERRITOIRE DU NIGER" a kai, a 1926 kuma Nijar ta samu nata zanen, har da ganuwar sojan Zinder. Yawancinsu ba su da tambarin cikin takarda, don haka baƙin faranti ba ya taimako sosai. Wanda ake taka-tsantsan da shi shi ne tsohon jeri na 1903 mai sunan Sénégambie et Niger, domin François Fournier, mai buga jabu na Geneva, ya kwaikwayi wannan zane da yawa. Na asali haƙoransa 14 a sama da ƙasa, 13½ a gefe. A fara da aunawa.

Ajiya a ƙasarmu yaƙi biyu ne. Damina na sa ƙaro ya yi laushi, kan sarki ya manne da shafi, sannan tsatsa mai ruwan ƙasa ta fara daga haƙora ta shiga ciki, kuma tana yaɗuwa zuwa maƙwabta, don haka mai tsatsa a keɓe shi. Hunturu kuma na busar da ƙaro har ya nannaɗe takardar, in aka miƙe shi da ƙarfi ya tsage. Kundi a tsaye ake jera shi, ba a kwance ana ɗora wani kan wani ba, nesa da bango da ƙasa saboda gara, tare da ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi, a riƙa sauya su. Salatif da gam na ofis da ledar shagon hoto duk haramun ne a wurinmu.

Farashin da ke littafi na kaya ne marar aibi: haƙora cikakku, zane a tsakiya, launi bai kode ba, ƙaro na asali. Haƙori ɗaya ya gutsure, ko takarda ta sirance inda aka fizge tsohon maƙalin da aka manna shi da shi a kundi, farashin ya faɗo ƙasa warwas, kuma ɗan kasuwa ma wani kaso na wannan yake biya, tunda kayan na iya shekara a kanta kafin mai nemansa ya zo. Shi ya sa kowane guda da ya cancanci a sayar shi kaɗai muke rubuta masa ɗan kati: lambarsa a littafi, tambari, takarda, haƙora, abin da hatimi ya ce, da duk aibin da muka gani a baƙin faranti.