Asabar da Lahadi a Vienna

Sati uku na yi ina lissafin wannan tafiya kamar mai shirin aikin Hajji, alhali tsakanin Budapest, babban birnin Hangari inda nake karatu, da Vienna, babban birnin Ostiriya, kusan kilomita 250 ne kacal, awa biyu da minti arba'in a jirgin ƙasa. Abokin tafiyata, wani Bazazzagi, sai dariya yake yi mini: "Malam, kamar Kano zuwa Kaduna ne fa!"

Tikitin araha na saya a intanet tun da wuri. Sharaɗinsa ɗaya: a ɗaure yake da jirgin da ka zaɓa, in ka makara ya tashi, kuɗinka sun bi ruwa. Kujera kuma daban ake kama ta. Ni na ƙara 'yan kuɗi na kama, shi ya ce almubazzaranci ne. A tsaye ya yi tafiyar har garin Győr, jakarsa tsakanin ƙafafunsa, ni kuwa ko uffan ban ce ba.

Da sassafen Asabar muka tashi daga tashar Keleti. A Hegyeshalom, bakin iyaka, babu wanda ya nemi fasfo, don ƙasashen biyu duk suna cikin yankin Schengen, inda ake ƙetare iyaka ba tare da bincike ba, amma katin zamana yana aljihu, saboda 'yan sanda kan shigo wani lokaci. Abin da ya sauya kuɗi ne: forint ɗin Hangari ba ya ci a can, sai yuro.

Fadar Schönbrunn muka fara zuwa, mai ɗakuna 1,441. Da muka ga layi da kuɗin shiga, muka wadatu da lambun, wanda kyauta ne. Muka hau tudun bayanta, gari duka ya shimfiɗu a gabanmu. Azahar da la'asar a babban masallacin da ke bakin kogin Danube muka yi su, wanda aka buɗe a 1979. Jirgin ƙasan cikin gari na layin U6 ne ya sauke mu daf da shi. Bazazzagi ya nace sai mun ga hedikwatar OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, inda marigayi Muhammad Sanusi Barkindo, mutumin Yola, ya riƙe sakatare janar daga 2016 zuwa 2022. Gini ne marar hayaniya, ka wuce shi ma ba ka sani ba. Ya ɗau hoto ya fi goma.

Sai kasuwar Naschmarkt, inda na tafka kuskuren. Ga dabino, ga zaitun, ga kayan yaji tuli-tuli, ga Turkawa da Larabawa suna miƙo ɗanɗano a bakin cokali suna kira. Can ƙarshe kuma 'yan gwanjo, waɗanda Asabar kaɗai suke baza kaya: tsofaffin agogo, faranti, butar shayi ta tagulla. Wata buta ta shiga raina, har na taya, mai ita ya sauko. Amma a takardata na rubuta cewa Lahadi ce ranar tsaraba, na ce wa zai yi ta yawo da kaya. Gobe ma rana ce.

Gobe ta yi, muka dawo, ko'ina a garƙame. Ba kasuwar kaɗai ba, har manyan kantuna. Dokar Ostiriya ce, ranar Lahadi shaguna ba sa buɗewa, in ban da gidajen abinci da 'yan kantunan tashoshi da filin jirgi. A Budapest na saba shiga kanti ran Lahadi in yi cefane, shi ya sa ban ko bincika ba. Sati uku na lissafi!

Muka cika gorunanmu a famfon titi, don ruwan Vienna daga maɓuɓɓugan duwatsu ake janyo shi tun 1873, sanyi ƙalau. Daga nan muka bi layin kantin da ke babbar tasha, rabin garin kamar a nan ya taru. Biskit ɗin Manner mai ruwan hoda na kwaso guda shida. Kafin mu kai Győr, Bazazzagi, wanda a wannan karon ya kama kujera, ya cinye biyu.