Laraba: megabit nawa Dawanau ke buƙata?

Yau wuni guda ya tafi a kan lissafin keɓaɓɓen layin sadarwar kwamfuta da za a karɓa haya don haɗa babban ofis na Bompai da rassa uku: sito a Dawanau, masana'anta a Sharaɗa, da shago a Kantin Kwari. Da megabit ake auna yawan bayanan da layi ke iya ɗauka a daƙiƙa, kuma kilobit 1,000 ne megabit ɗaya. Manaja ya shigo da takardar farashi ya ce, "Injiniya, a ba kowane reshe megabit 50 mu huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin wata-wata ne, bari mu duba awo tukuna."

Awon yana hannu, domin makonni biyu ke nan rautar MikroTik ta kowane reshe, wato na'urar da bayanan reshen ke bi su shiga su fita, tana rubuta abin da ke wucewa duk minti biyar. Matsakaici ba ya da amfani a nan, dare da ranar Lahadi suna jawo shi ƙasa. Jera awon ake yi daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 cikin 100 na sama, a ɗauki mafi girman abin da ya rage.

Dawanau ce ta ci mini lokaci. Ma'aikata goma ne ke shiga manhajar lissafi da ke kan sabar Bompai (babbar kwamfutarmu) ta allon nesa, wato suna aiki a kanta daga can, kowanne na cin kamar kilobit 150, jimla megabit ɗaya da rabi. Kiran wayar ofis da G.711, tsarin mayar da murya bayanan kwamfuta, yana cin kusan kilobit 90 kowace fuska, to na sa 100. Kira shida a lokaci guda bai kai megabit ɗaya ba. Matsalar kyamarori ce. Guda takwas ne, kowace na tura megabit 2 dare da rana, kuma so ake duk hoton ya zo Bompai. Megabit 16 ke nan, ya ninka aikin mutane sau bakwai! Maganinsa a bar na'urar naɗar hoto a can siton, daga Bompai a riƙa kallon ƙaramin hoto mai kilobit 512. Kyamara huɗu a lokaci guda, megabit 2. Duka ya tashi 4 da ɗoriya, na ƙara rarar kashi 30 cikin 100 da nauyin ɓoye bayanai na IPsec, ya kusa 6. Na rubuta 10, saboda kwafin ajiya na dare: gigabait 20 a kan megabit 10 awa huɗu da rabi ne, ya ƙare kafin asuba. Sai da na sake tuna wa akanta cewa bit takwas ne bait ɗaya, don haka megabit 10 ba ya wuce megabait 1.25 a daƙiƙa.

Sharaɗa 10, Kwari 5. Bompai ce mahaɗa, sabar tana can, na ba ta 30.

Bayan azahar wakilin kamfanin da zai ba mu hayar layin ya zo, na tsare shi da tambayoyi. Layin namu ne mu kaɗai ko rabawa ake yi? Turawa da saukewa daidai suke? Sannan na nemi a sa mana megabit 10 a kan ƙofa (mashigar layin a na'ura) mai ɗaukar 100, yadda ƙari nan gaba zai zama saiti kawai, babu sake haƙa. Alkawarinsu na cewa layi zai yi aiki kashi 99.5 cikin 100 na lokaci yana da daɗin ji, amma ma'anarsa layi na iya mutuwa sama da awa uku da rabi a wata ba a biya mu ko kwabo ba. Ga masu aikin titi da ke tsinke faiba, wayar gilashin da layin ke bi, shi ya sa na ce kowane reshe ya sami layin 4G na ko-ta-kwana daga wani kamfani daban.

Ƙorafin Kwari na cewa murya tana yankewa ba na ƙarancin megabit ba ne. Wani ne ke loda manyan hotunan atamfa, kira ya tsaya a bayansu. Fifita murya a rauta ya isa. Ita murya buƙatarta jinkiri ƙasa da milisakan 150 da asarar fakiti, wato gutsattsarin bayanai, ƙasa da kashi 1.

Faiba ba ta kai bakin siton Dawanau ba, sai rediyo. Gobe da sassafe za a hau hasumiya a ga ko kwanonin rediyon biyu suna hangen juna, kuma ba zan sa hannu ba sai manhajar gwajin gudu ta iperf3 ta cika layin ta fuska biyu na tsawon minti 15.