Alhamis a Tokyo, ranar da ƙurar sugi ta tashi

Tsakiyar Maris, cikin azumi.

Tun wajen sahur na san yau sai a hankali. Jiya an wuni ana ruwa, yau kuma hasashe ya ce gari zai washe, ga ɗumi ga iska. Duk wanda watan Maris ya taɓa riska a Tokyo ya san abin da ke biyo bayan haka: ruwa ya danne ƙurar furen sugi jiya, wato itacen katakon nan da ya cika dazukan Japan, yau za ta tashi, ta jiya da ta yau a haɗe. Taswirar hasashen ƙurar da ke wayata ta rine da launin matakin sama, tun daga garin Ome da ke yammacin Tokyo har bakin teku. Na haɗiyi ƙwayar maganina da ruwan ƙarshe kafin alfijir, domin idan ta wuce ni sai bayan magariba.

A nan hasashen ƙurar fure tare yake zuwa da na ruwa da zafi a labaran safe. Tsohuwar hanyar awonta ba ta da wani tsafi. Gilashi ake shafa wa man basilin a ajiye a kan rufin gini, bayan awa 24 a ɗauko a ƙirga ƙwayoyin da suka maƙale da madubin likita. Ƙasa da 10 a kan murabba'in santimita ɗaya kaɗan ne, daga 50 zuwa sama kuwa an shiga "da yawa ƙwarai". Hasashen shekara kuma tun bara ake fara shi: idan watannin Yuni zuwa Agusta suka yi zafi da rana sosai, itatuwan sukan cika da furen namiji, sai a ce wa mutane su shirya.

Na fita da takunkumi da tabarau, na bar rigar ulu a gida na sa mai santsi, don ulu kwashe ƙurar yake yi ya biyo ka da ita har ɗaki. A jirgin ƙasa kusan kowa fuska a rufe, atishawa daga wannan lungu sai wancan ya amsa. Kafin azahar idanuna sun kaɗa sun yi jawur, hanci kuwa kamar an kunce famfo. Da azumi a bakina, ba damar ko ɗan shayi mai zafi.

Da rana Umma ta kira, tana tashi sahur ke nan a can gida. Muryata kawai ta ji.

"Auta, mura ce ta kama ka? Na ce ka riƙa shan citta da kanumfari."

"Umma, ba mura ba ce, furen itace ne jikina ba ya so."

"Fure kuma? To Allah ya sawwaƙe. Ka dai sha cittar."

Na ce to. Zan kuwa sha, ba ta taɓa cutar da kowa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne, wannan wahala da hannu aka dasa ta. Bayan yaƙin duniya na biyu duwatsun Japan sun yi kwal saboda sara, ga garuruwa da suka ƙone ana neman katakon gini. Gwamnati ta sa aka yi ta dashen sugi da hinoki, masu saurin girma da miƙewa sambal. Kafin su isa sara, a 1964 aka buɗe ƙofar shigo da katako daga waje, mai araha. Na gida ya rasa kasuwa, matasa suka bar ƙauyuka, dazuzzukan suka zauna ba mai taɓa su. Sugi kuwa sai ya kai wajen shekara 30 yake fara zubar da ƙura gadan-gadan. Yanzu akwai fiye da hekta miliyan 4 nasa, mafi yawa sun wuce wannan shekarun. Binciken likitocin kunne da hanci na ƙasar ya nuna masu alajin sugi, wato waɗanda jikinsu ba ya son ƙurarsa, kashi 16.2 cikin 100 ne a 1998, a 2019 sun kai 38.8. A Tokyo kanta, ƙiyasin hukumar birnin na 2016 ya kusa rabin jama'a. Ga kwalta da siminti ko'ina, ƙurar ba ta samun ƙasar da za ta shanye ta, mota ta wuce ta sake tayar da ita.

A 2023 gwamnatin firaminista Kishida ta ce za ta rage dazukan sugi da kashi 20 cikin shekara 10, ta kuma raba yawan ƙurar biyu cikin shekara 30. Ni dai na fi yarda da mai hasashen safe. Shi abin da ya faɗa kafin la'asar na gani a hancina. Masu saran kuwa ina suke? Aikin daji a kan gangaren dutse ba wanda matasan nan ke rububinsa ba ne, kuma wanda aka sare sai an sami mai sayen katakon.

Na sha ruwa a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara. Lokacin fitowa shi ne mafi muni, domin bayan faɗuwar rana ƙurar da ta wuni a sama takan sauko. A can na haɗu da wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai harkar tura motoci, ya daɗe a ƙasar nan. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ɗana, kai ma ta kama ka? Ni shekarun farko lafiya lau, har ina yi wa Japanawa tsiya. Rana ɗaya ta shigo."

"Baba, yanzu me kuke sha?"

Ya ce wata ƙwaya ake sa wa a ƙarƙashin harshe kullum, mai ɗauke da ɗan sinadarin sugin, har jiki ya saba. Shekara 3 zuwa 5 ake yi, inshorar lafiya tana ɗaukar kaso mafi yawa na kuɗin, amma ba a farawa sai kakar ta wuce, wajen Yuni. Ko karatuna zai kai ni ƙarshen wannan magani, sai na zauna da likita.

Na kakkaɓe riga a bakin ƙofa, na wanke fuska da ido, wankin da na yi na shanya shi cikin ɗaki. Sugi zai lafa a ƙarshen wata, daga nan hinoki ya karɓa har cikin Afrilu, kuma gwajin jinina ya nuna duka biyun ba ma shiri.