Saƙar ledar fiya wata, mako na shida

'Yan'uwa masu koyo, jakata ta uku ta kammala jiya da daddare. Hannunta ne ya wahalar da ni. Sai da na warware shi sau biyu kafin na gane zare biyu ake haɗawa a wurin, in ba haka ba da an zuba littattafai sai ya miƙe kamar cingam.

Ranar Talata muka kai aikin gaban aji. Wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce, "Ruwan da kuke wanke ledar fa? Mutane na layi a famfo, ku kuna zubar da bokiti don ku ceci leda." Raina ya sosu, domin yatsuna har kanta sun yi. Amma da na koma ɗaki na yi lissafi, gaskiyarsa ce. Bokiti biyu nake kashewa duk zama ɗaya.

Yanzu na daina tsintar wadda ta kwanta a ƙasa. Mun ajiye kwali a wurin mai shayi da ƙofar masallaci, ana jefa mana tun ba ta yi datti ba. Ruwan ɗaurayar wanki ya ishe ta. Ku shanya a inuwa, don rana tana cinye ƙarfin leda, ta riƙa tsinkewa a bakin kwarashi.

Malama kuma ta tambayi inda guntayen da muke yankewa suke zuwa. Shiru muka yi. Na fara cusa su cikin matashin zama, ba na ƙonawa.

Inda ban yarda ba shi ne cewa wai jaka ɗaya ba ta rage komai. Ƙullin fiya wata guda 20 ne, jakar nan kuwa ta ci leda 140, ƙulli bakwai ke nan. Duk wanda ya bi Samaru a watan Agusta ya ga yadda leda ke toshe kwata, wadda ta tsira ruwa ya ja ta zuwa kogin Kubanni, wata kuma akuya ta haɗiye. Waɗannan 140 ɗin dai suna rataye a kafaɗata.

Mai fara yanka, ta bi ledar a zagaye kamar feraye lemo, faɗin yatsa ɗaya, zare zai fito dogo ba ƙulli. Asabar bayan la'asar za mu gwada gindin kwando, kowa ya zo da almakashinsa.